Likita Mai Zane da Dokar Farin Duƙushi

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi Likita Mai Zane a shekarar 1936, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo, a gidan da ƙofarsa ke kallon kasuwar dabbobi. Mahaifinsa mai gyaran kofaton dawaki ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya fi gane ƙafar doki a kan fuskar mai dokin. Mahaifiyarsa kuwa tela ce, tana ɗinki da keken hannu a bakin ƙofar ɗakinta. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ya gaji mahaifinsa wajen son dawaki, amma bai gaji hannunsa ba, domin sau biyu aka miƙa masa wuƙar kofato, sau biyun kuma yatsansa ya yanka.

Tun yana ɗan shekara bakwai yakan tsugunna a bayan mahaifinsa da guntun gawayi, yana zana dawakin da aka kawo gyara a jikin katangar gida. Tsayin doki ko ƙarfinsa bai dame shi ba. Abin da ke ɗauke masa hankali shi ne inda fari ya sauka a jikin dabbar: wannan a goshi, wancan a ƙafa, wani kuma a ciki kamar an watsa masa gari. Da mahaifiyarsa ta gaji da wanke katanga, sai ta haɗa takardun buhu ta ɗinke su a kekenta, ta miƙa masa ta ce, "Ungo, Mai Zane, ka bar mana bangonmu ya huta." Sunan ya bi shi har kabari.

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1943, ya wuce ta gaba a 1950, sannan a 1955 ya sami gurbi a makarantar koyon likitancin dabbobi da ke babban birni, inda ya karɓi shahadarsa a 1960. Ba a san shi da zarra a aji ba, amma an san shi da naci, irin nacin da ke sa malami ya canza hanya idan ya hango ɗalibi.

A can ya fara jin darasin gado, wato cewa kowace dabba tana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma wata ƙwayar tana bayyana ko da guda ce, wata kuma sai ta haɗu da 'yar'uwarta take nuna aikinta. Ya ɗaga hannu ya tambaya ko farin da ke jikin dawaki duk ƙwaya ɗaya ce ke kawo shi. Malamin ya ce masa fari dai fari ne, ya zauna. Ya zauna ɗin, amma tambayar ta ƙi zama.

Kama Aiki

A ƙarshen shekarar 1960 aka ɗauke shi likita a wata babbar gonar kiwon dawaki da ke bayan gari, mai dogayen barga uku da ɗakin haihuwa guda a ƙarshen ta uku. Dawakin gonar sun kai ɗari biyu, kuma iri-iri ne: akwai dogaye na tsere, akwai gajeru masu ƙarfi na jan kaya, akwai kuma masu dabbare-dabbare da aka shigo da kakanninsu ta jirgin ruwa. Shugaban masu kula da su wani dattijo ne da kowa ke kira Baban Barga, wanda ya girmi Likita da shekara ashirin, kuma ya karɓe shi da tausayin da ake yi wa mai takarda.

Likita ya sa aka sassaƙa masa hatimin roba mai siffar doki, hagu da dama da fuska. Duk duƙushin da aka haifa, sai ya buga hatimin a shafi guda, ya cike wuraren da ke da launi da alƙalami, ya bar wuraren fari yadda suke, ya rubuta uwa da uba a ƙasa. Cikin shekara biyar ya tabbatar wa kansa cewa fari ba ɗaya ba ne, kuma da yake bai sami sunayensu a littafi ba, sai ya raɗa musu nasa.

Akwai mai furfura, wanda ake haifa da duhun launi, ya yi ta haske da shekaru har ya koma fari, amma fatarsa baƙa ce. Akwai mai ƙetare, wanda farinsa ke hawa ya tsallake gadon baya. Akwai mai kewaye, wanda farinsa ke zaune a gefen ciki da wuya, duhun launi ya kewaye shi, ba ya taɓa ƙetare baya, kuma sau da yawa idonsa shuɗi ne. Sai mai yayyafi, mai doguwar farar safa a ƙafafu, da farar fuska, da fari a ƙarƙashin ciki wanda bakinsa ke da ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne wasu daga cikin zanen nan ba su san iri ba, domin yakan ga mai yayyafi a dogon doki, ya gan shi a gajere.

Aurensa da 'Ya'yansa

A shekarar 1963 ya auri wata malamar lissafi da ke koyarwa a makarantar firamare ta unguwarsu, wadda shi da kowa ke kira Malama. Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1964 da 1974. Gidansu ɗaki uku ne da falo, kuma teburin cin abinci bai taɓa zama na abinci shi kaɗai ba, domin rabinsa littattafan zane ne. Malama takan ce wa baƙi, "Ni da na zaci mutum ɗaya na aura, ashe garke na tarar." Duk da haka ita ce ke jera masa littattafan bisa shekara, kuma ita ce ta fara ganin abin da shi bai gani ba.

Dokar Bango

Tsakanin 1965 da 1968 aka haifi duƙusai shida a gonar, farare fat, ba ɗigon launi a jikinsu, fatarsu ja-ja, idanunsu shuɗaye. Kowannensu ya miƙe lafiya, ya sha nono, ya yi kyau har mutane suka taru kallo. Kafin yini ya ƙare sai ciwon ciki ya kama shi, ya riƙa kallon cikinsa, yana faɗuwa yana birgima, ba ya iya fitar da kashin farko da kowane jariri ke fitarwa, har ya mutu a kwana na biyu ko na uku cikin azabar da ke sa ƙato ya juya baya. Likita ya gwada duk maganin da ya sani, bai ceci ko ɗaya ba. Da ya buɗe cikinsu sai ya tarar ƙarshen hanjin a tsuke, ba ya motsi, tun halitta.

Wata ranar Asabar Malama ta baje zanen iyayensu a tebur, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Likita, duk iyayen nan masu kewaye ne, uwa da uba. Sau ashirin da huɗu kuka haɗa irinsu, shida suka fito farare. Ɗaya cikin huɗu ke nan, ko 'yan ajina za su gaya maka." Nan ya gane cewa ƙwayar kewaye guda ɗaya ado ce, biyu kuwa ajali.

A watan Oktoba na 1968 ya rubuta doka mai sharaɗi biyu, Manajan gonar ya sa hannu, shi kuma ya hau tsani ya rubuta ta da jan fenti a bangon ɗakin haihuwa. Sharaɗi na farko: kada a haɗa mai kewaye da mai kewaye. Na biyu: duk duƙushin da aka haifa fari fat, a yi masa allurar hutawa nan take, kada a bari ya wahala. Tausayi ne ya rubuta dokar, babu mai musun haka. Makiyaya da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki suka kwafe ta suka kai gonakinsu, har ta zama ana cewa dokar Likita.

Sai dai sharaɗi na farko yana da wuyar kiyayewa, domin kewaye kan ɓuya a jikin dokin da ba shi da fari sai ɗan tabo a leɓe. Na biyun kuwa ba ya buƙatar komai sai allura. Mutane suka riƙe mai sauƙin da hannu biyu.

Shekarar 1973

A gonar akwai wata jar goɗiya mai yayyafi da ake kira Mai Safa, saboda farin ƙafafunta ya wuce gwiwa. Likita yana ji da ita ƙwarai, domin a hannunsa aka haife ta. An haɗa ta da wani ingarma mai yayyafi irinta, kuma wata ranar Litinin cikin watan Mayu na 1973, da sassafe, ta haifi mace fara fat. Likita ya iso da hantsi, ya tarar da jaririyar tsaye tana shan nono. Ya lura idonta baƙi ne, ba shuɗi ba, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗaga kai ya ga rubutunsa a bango. Ya ce a ransa kewaye ne ya ɓuya a jikin iyayen. Ya yi mata allurar, ta kwanta a jikin ƙafarsa, ta tafi ba wahala.

Yana wanke hannu a famfo sai Baban Barga ya leƙo ya ce, "Likita, zo ka ga wani abu." A kusurwar ɗakin, ƙarƙashin ciyawa, ga kashin farko nan, baƙi, dunƙule-dunƙule.

"Ko na wani ne, Baba?" in ji Likita.

"Ciyawar nan jiya da yamma na shimfiɗa ta da hannuna. Ba duƙushin da ya shiga ɗakin nan sai ita."

Likita ya buɗe cikinta a bayan barga, ya tarar da hanji lafiya lau daga farko har ƙarshe. Lafiyayyar dabba ya kashe, da hannunsa, bisa dokarsa. Su biyu suka binne ta, Mai Safa tana ta haniniya a ɗaki tana neman 'yarta. A littafi ya buga hatimi, ya bar siffar ba zane tunda ba launin da za a cike, kuma a ƙasa, inda ya saba rubuta "ta mutu" ga fararen da suka gabata, ya kasa rubuta komai.

Da ya gaya wa Malama, ta ce, "Gobe ka je ka faɗa wa Manaja." Ya ce zai faɗa idan ya haɗa hujja. Tarihi ba zai rufa masa asiri a nan ba, domin shi ma daga baya bai rufa wa kansa ba: kunya ce ta hana shi, ba neman hujja ba. Mutumin da ake kwafar dokarsa a gonaki goma bai iya buɗe baki ya ce rabinta kuskure ne. Shekara tara ya yi shiru, kuma a cikinsu ya sami labarin fararen duƙusai biyar da aka yi wa allura a wasu gonaki da sunansa. Har ya mutu bai san nawa ne lafiyayyu a cikinsu ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Ikirarinsa

A shekarar 1982 Baban Barga ya kwanta ciwon ajali. Likita ya je duba shi, dattijon ya kama hannunsa ya ce, "Likita, ni zan tafi da rabin maganar nan. Kai ka sauke naka rabin tun kana da ƙafa." Bayan wata biyu da rasuwarsa, a taron shekara na makiyayan dawaki, Likita ya miƙe a gaban mutane fiye da sittin ya ba da labarin 'yar Mai Safa, bai rage komai ba. Ya bayyana musu fahimtarsa cewa farin duƙushi iri biyu ne aƙalla: wanda ya gaji kewaye biyu, wannan ba ya rayuwa, da wanda ya gaji yayyafi biyu, wannan farin ne kawai ya mamaye shi, lafiyarsa ƙalau. Ya roƙi a goge sharaɗi na biyu, a riƙa jira har ɗayan abu biyu ya bayyana, kashin farko ko ciwon ciki.

Ba a yi masa rashin kunya ba, amma ba a yarda ba. Shaidarsa guda ya riga ya shiga ƙasa, kuma kowa a ɗakin ya taɓa ganin yadda farin duƙushi ke mutuwa. Wani ya ce wataƙila kashin na wani ne. Wani ya ce tsufa ya fara sa wa Likita taushin zuciya. Manaja ya rufe maganar da cewa, "Likita, ka kawo mana farin duƙushi mai rai, ni da kaina zan sayo fentin goge bango." Abin da kawai aka yarda masa shi ne, idan yana wurin da kansa, a jira.

Shekarun Jira

Daga 1982 zuwa 1996 ya bar saƙo a kowace gona cewa duk inda aka haifi fari a kira shi. Sau bakwai aka kira shi, sau bakwai ya je ya zauna a bakin ɗaki da allura a aljihu, kuma sau bakwai ciwon ciki ya riga kashi zuwa. Da zarar dabbar ta fara kallon cikinta sai ya tashi ya hutar da ita. Kowace tafiya tana ƙara wa dokar ƙarfi, har masu barkwanci suka sauya masa suna zuwa Likita A-Jira, wasu kuma suka ce yana wahalar da jarirai don ya wanke kansa. Wannan maganar ta shige shi, domin ya san akwai ƙanshin gaskiya a cikinta.

A gefe guda ya riƙe zuriyar Mai Safa. An riga an sayar da ingarman da ya haifi farar, ita kuma ta mutu a 1980, amma ta bar 'ya mace mai yayyafi. Likita ya riƙa zaɓa wa 'yar ingarmu masu yayyafi bisa zanensa. Goɗiya kuwa wata goma sha ɗaya take ɗauka, ta ba ka ɗa guda, ba kamar kaza ba. Shekara ta bi shekara, 'ya'ya na fitowa jajaye masu safa. Idan ya dawo gida fuska a murtuke, Malama takan ce, "Ɗaya cikin huɗu ba alkawari ba ne, Likita. Kowace haihuwa sabon lissafi ce."

A 1989 'yar Mai Safa ta haifi fari, Likita ya zo da gudu, ya tarar da ido shuɗi. Shi ne na biyar cikin bakwai ɗin nan. Ashe kewaye ya shigo zuriyar ta wajen ubanta, ya ɓuya a ƙarƙashin yayyafi, kuma ya ɓuya a jikin ingarman da Likita ya zaɓa da kansa. Ya daina haɗa ta da kowa. Abin da ya rage masa sai 'yarta da aka haifa a 1987, jikar Mai Safa, wadda ake kira Yayyafi, kuma ba shi da hanyar sanin ko ita ma tana ɗauke da abin.

Ritaya

Ya ajiye aiki a watan Disamba na 1996, bayan shekara talatin da shida, dokarsa tana nan a bango, domin duk lokacin da aka yi wa barga sabon fenti sai an sake bin rubutun da ja. 'Yarsa ta uku, wadda ta karanci likitancin dabbobi, ita ta gaje shi a gonar, ana kiranta Ƙaramar Likita. An kuma yi sabon Manaja, mutum mai ladabi da bin ƙa'ida, wanda ya tarar da doka ya riƙe ta.

A ƙarshen shekarun casa'in labari ya iso cewa masana a ƙasashen waje sun gano ƙwayar kewaye, har ana iya gwada ta da saiwar gashin geza. Likita ya yi murna kamar an yi masa albishir da jika, amma ɗakin gwajin yana da nisa, amsa kuma sai ta yi makonni, alhali hukuncin farin duƙushi na yini guda ne. A 1999 ciwon zuciya ya kama shi, numfashinsa ya gajarta, ya daina fita sai da dalili. Aikinsa na ƙarshe shi ne ya baje littattafai ya zaɓa wa Yayyafi wani gajeren ingarma daga masu jan kaya, wanda ya bi zanen kakanninsa har hawa biyar bai ga kewaye ba.

Ranar Talata

Ranar Talata, 13 ga Maris, 2001, da misalin ƙarfe bakwai na safe, Yayyafi ta haifi mace fara fat. Ƙaramar Likita ta aika mota gida. Malama ta dubi mijinta, ta dubi kwalaben maganinsa, ba ta ce kada ya je ba, domin ta san ba zai ji ba. Ta miƙa masa hularsa, ta sa aka ɗora kujerarsa a mota, ita ma ta shiga.

Aka ajiye masa kujerar a bakin ɗakin haihuwa, daidai ƙarƙashin jan rubutun. Abu na farko da ya nema shi ne a juyo masa da fuskar jaririyar. Idon baƙi ne.

Manaja ya zo ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma dokarka ce. Kuma ka san abin da uwar goɗiyar nan ta haifa."

"Tawa ce, ɗana, shi ya sa na zo. Ka ba ni zuwa faɗuwar rana."

Manaja ya dubi Ƙaramar Likita. Ta taɓa aljihun rigarta ta ce, "Baba, allura tana nan. In ta fara birgima zan yi mata, ba zan jira izininka ba."

"Haka na koya miki," in ji Likita.

Hantsi ya wuce, jaririya tana shan nono tana kwanciya. Rana ta take, ba komai a ciyawa. Ƙaramar Likita ta shiga ta bincika kusurwa-kusurwa sau uku, ta fito tana girgiza kai. Malama ta ba shi magani da ruwa, ya sha maganin, ya ƙi abinci. Masu kula da dawaki suna wucewa da bokiti suna satar kallonsa cikin tausayi, domin manyansu sun sha ganin wannan zaman, sun kuma san ƙarshensa.

Gab da ƙarfe huɗu jaririyar ta saki nono, ta fara zagaya ɗakin, ta tsaya, ta ɗaga wutsiya, ta gantsare tana nishi. Manaja ya ce a hankali, "Baba, ya fara." Ƙaramar Likita ta ciro allurar ta cire mata hula.

"Dakata," in ji Likita. "Ba ta kalli cikinta ba. Duk bakwai ɗin sai da suka kalli cikinsu."

Ta tsaya da allura a hannu. Jaririyar ta sake yunƙurawa, sau ɗaya, sau biyu, sai ga baƙin dunƙule ya faɗo a ciyawa, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Ta kaɗa wutsiya, ta koma ƙarƙashin uwarta ta ci gaba da shan nono.

Da Likita ya sami numfashi sai ya ce wa 'yarsa, "Ɗebo shi a shebur, ki kira kowa. Har mai gadi. Wancan karon mu biyu muka gani." Mutum goma sha tara suka jeru suka duba, ɗaya bayan ɗaya, kuma bai bar kowa ya wuce ba sai ya ce ya gani. Malama ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an yi layin kallon kashi ba, ta faɗa tana dariya tana share hawaye da bakin mayafinta.

Manaja ya nemi a ƙara kwana uku don a tabbata, Likita ya ce hakan daidai ne. Ranar Juma'a jaririyar tana tsalle a fili, Manaja ya zo da gwangwanin farin fenti, ya ce ya ji labarin alkawarin da tsohon Manaja ya yi. Likita ba zai iya hawa tsani ba, sai ya shafe iyakar inda hannunsa ya kai na sharaɗi na biyu, 'yarsa ta ƙarasa sama. Sharaɗi na farko ya ce a bar shi, gaskiya ne. Da fentin ya bushe, ya karɓi ja ya rubuta a ƙasa: "A jira." Masu barga suka raɗa wa duƙusar suna Jira, aka kuma tsinki gashin gezarta aka aika gwaji.

Rasuwarsa

Bai sake komawa gonar ba. Jikinsa ya yi nauyi a farkon watan Afrilu, kuma Allah ya yi masa rasuwa a gidansa ranar Alhamis, 19 ga Afrilu, 2001, da hantsi, yana da shekara sittin da biyar, Malama na gefensa. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar bayan gari, ba nisa da kabarin Baban Barga. Makiyaya daga gonaki da dama sun halarta, kuma kafin shekara ta ƙare yawancinsu sun goge sharaɗi na biyu a nasu bangon. Kwana tara bayan jana'izarsa amsar gwaji ta iso, tana cewa babu ƙwayar kewaye ko guda a jikin Jira.

Ya rasu ya bar matarsa Malama da 'ya'ya huɗu: Babban Yaya, injiniyan ruwa, Yaya Nas, ma'aikaciyar jinya, Ƙaramar Likita, wadda ke riƙe da aikinsa, da Auta, malamin zane a makarantar sakandare, sai jikoki goma sha ɗaya. Ya kuma bar littattafan zane arba'in da uku, waɗanda Malama ta jera bisa shekara ta miƙa wa gonar. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, wanda ya faɗa da wanda bai sani ba.

Da take jera littattafan ta tarar ya koma shafin watan Mayu na 1973, inda ya shekara ashirin da takwas bai rubuta komai ba, ya sa: "Lafiyarta ƙalau. Ni na kashe ta." A shafin ƙarshe na littafin ƙarshe kuma akwai hatimin doki, hagu da dama da fuska, ba a taɓa shi da alƙalami ba sai ɗigo biyu baƙaƙe a wurin ido. A ƙasa ya rubuta kwanan wata, da sunan uwa da uba, da kalma biyu: "Tana raye."